Sunan da Na Ara wa Ɗantani

Kakar albasar bana ita ce ta bakwai da muka yi babu Ɗantani. Shekara bakwai ke nan tun ranar da muka sa shi a ƙasa a Jega, mu goma sha wani abu, yawancinmu mahauta da 'yan lodi. Na daɗe ina son in yi wannan rubutu, abin da ya hana ni shi ne ban iya ba. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma yau da hannuna nake rubutawa, a hankali, ina gogewa ina sakewa. Dalilina ɗaya ne. Akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye can ƙasar Zuru, in tana raye, da har yanzu take zaton ɗanta yana Kurmi, can kudancin ƙasar nan, yana neman na kansa. Ni na jawo take wannan zato, kuma ban san sunan ƙauyenta ba.

Ni mai ɗinkin buhu ne. Asalina Maiyama, zamana Jega, aikina kuma a kasuwar albasa ta Aliero. Idan manomi ya kawo albasa daga Danwarai ko Jiga Birni, aka zube ta aka tsince, aka cika buhu har ya yi tozo, ni da irina muke rufe bakinsa da basilla da igiya. Daga nan sai mai fenti ya zo ya buga shaida. Kowane babban ɗan kasuwa yana da tasa: wani tauraro, wani ƙafar kaza, wani jan layi uku. Ba ma buƙatar karatu, da ido muke gane kayan kowa. Muna kuma da wata al'ada da muke alfahari da ita. Ƙaramin manomi mai buhu uku ko huɗu ba ya samun wuri a tirela, direba ba ya ko kallonsa. Sai wani babba ya ce a buga wa buhunan shaidarsa, su tafi Kurmi da sunansa, in an sayar a ware wa mai su nasa. Aron shaida muke ce masa. Taimako ne, kuma ban taɓa ganin ya cuci kowa ba sai ranar da na yi wa ɗan Adam.

Ɗantani ɗan lodi ne. Badakkare daga ƙasar Zuru, gajere, mai faɗin kafaɗa, da tsagen gidansu a kumatu. Ya zo Jega yana wajen shekara sha shida, bayan rasuwar ubansa, lokacin da ƙannen uban suka raba gona ba su tuna da shi ba. Ba shi da ɗaki. A tasha yake kwana, bayan rumfar mahauta, shi da wasu samari kamarsa, Dakarkari da Kambari da Zabarmawa, kowa da kwalinsa. Da sassafe su hau bayan a-kori-kura zuwa Aliero, su yini suna hawan katako da buhu a wuya, su dawo idanu jajir saboda rana da yajin albasa. Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Yana shan sigari, ya taɓa fasa wa wani kwandasta baki, kuma abin da ya samu yau ba ya kai gobe. Amma a shekara ukun da muka yi tare ban taɓa ganin ya sha abin da ke gusar da hankali ba, sallar Azahar kuma kafaɗarsa na jikin tawa.

Baba yake ce mini. Yakan zo ya tsaya a kaina yana jiran in ƙulle igiya, ya ce, "Baba, kafin ka gama wanga buhu albasar ta tsiro ta yi 'ya'ya." Ni kuma in ce ya je ya ƙarasa koyon Hausa tukuna kafin ya zo yana yi wa manya tsiya. Duk kasuwa da tasha Badakkare ake kiransa, ko Ɗan Zuru. Mu wasa muka ɗauke shi. Sunansa na yanka ba mu fi mu uku da muka san shi ba. Ya sha ba ni labarin gida: dutsen da ke bayan ƙauyensu, da uwarsa mai ginin tukwane, wadda wuta ta taɓa ƙona wa hannun hagu wajen gashin tukwanen. Sunan ƙauyen ma ya faɗa mini, ba sau ɗaya ba. Ina ɗinki ina cewa to, to, ban riƙe ba. A wurina duk can Zuru ne. Wannan shi ne abin kunya na farko a labarin nan, kuma nawa ne.

Wata rana da hantsi, a tsakiyar zafin bazara, katakon da suke hawa ya goce daga bakin tirela yana can sama da buhu. Ya faɗo, buhun ya biyo shi ya sauka a ƙaurinsa. Ƙashi ya karye ya huda fata ya fito, a cikin ƙasar kasuwa mai cike da ruɓaɓɓen ɓawon albasa da kashin jakai. Muka ɗauke shi zuwa gidan wani tsoho mai ɗori, don Aliero ba ta rasa su. Tsohon bai tambayi sunansa ba, bai tambayi garinsu ba. Ƙafar ya duba, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare. Sannan ya kira ni gefe ya ce ƙashi nasa ne, amma wannan rauni na asibiti ne, akwai allurar da ake yi wa irinsa, kada mu bari ya kwana uku ba a yi ba.

Asibiti kuwa ba a shigarta hannu sake. Mai tirelar ya miƙa abin da ya miƙa ya kama hanya, 'yan lodi suka haɗa nasu, bai kai ko'ina ba. Sai aka gaya mana akwai wani tsari na taimakon marasa galihu, yana da tebur a kowane gari, in sun ba ka takarda za a duba ka a yi maka magani kyauta. Ba zan kama sunan ofishi ko asibiti ko mutum ba. Ba tsoro nake ji ba. Ban dai ga wanda zan ware in ce shi kaɗai ne ba.

Washegari na kai shi teburin garin da yake kwana. Mutumin da ke wurin yana cin ƙosai a takarda. Ya ɗago ya dubi fuskar Ɗantani, bai dubi ƙafar ba. Ga benci nan babu kowa a kai, amma bai ce a zaunar da shi ba, haka na tsaya na tallabe shi kamar buhun da ba a san mai shi ba. Wata ma'aikaciya da ke gefe ta janye jakarta daga kan tebur ta ɗora a cinya.

"Wanga ɗan ina na?" in ji mutumin. Ni yake tambaya, yaron na tsaye.

Na ce ɗan lodi ne, shekara uku a nan tasha yake kwana. Ya ce ba inda yake kwana ya tambaya ba. Da Ɗantani ya buɗe baki ya faɗi sunansa da ƙasarsu, sai mutumin ya naɗe takardar ƙosansa ya shiga yi mana wa'azi. Wai sun san irinsu. Wai jan idon nan ba na albasa ba ne. Wai an taɓa ba wani irinsu gado ya gudu da zanen gadon. Wai abin da aka ware na 'yan gari ne, kowa ya koma inda aka haife shi, in kuwa ba mu iya ba mu tafi garin da ya faɗi, tunda a can ya ji ciwon. Har ya tambaye ni ko yaron yana ma salla. Muna juya baya na ji ƙarar fesa turare.

Mutumin nan ya yi ritaya yanzu. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, a sahun gaba yake zama, yakan miƙo mini hannu bai gane ni ba. Ina karɓa, don an ce a karɓa. Amma duk ranar da na ji ƙamshin turaren nan a jikin wani, abinci ba ya shigata.

A garin da ya faɗi aka ce mai sa hannu ya tafi taro, mu dawo jibi. Muka dawo jibi, aka ce ya zo ya fita. A zuwa na uku muka same shi, ya ce wanda ke kwana a wani gari ai can ne nasa, ya ƙara da cewa ko da zai duba sai da takardar mai unguwa. Mai unguwa kuwa ba ya sa wa ɗan tasha hannu, don tasha ba gidan kowa ba ce. Ni mutum ne mai haƙuri, an san ni da shi, har yabona ake yi. Duk inda aka kore mu sai in yi godiya, in ce Allah ya kai mu, in juya in ce wa Ɗantani ya yi haƙuri. Kwana takwas na yi ina rarraba godiya ga mutanen da ba su ba mu ko ruwa ba. Yau in na tuna yadda nake cire takalmi a bakin ƙofa ina rusunawa, haushin kaina nake ji.

A kwanakin nan yana kwance a kan kwalinsa bayan rumfa. Mahauta suna ba shi romo, abokan kwanansa suna kora masa ƙuda in sun dawo daga lodi. Ƙafar ta kumbura ta fi ƙarfin karare, ta fara wari. Duk da haka bakinsa bai mutu ba. Yakan ce mini shi yanzu ya fi direban tirela sanin hanyar Jega da Aliero, saura a ba shi lasin. Tsoho mai ɗori ya aiko sau biyu yana tambaya ko an yi allurar. Sau biyun na ce a gaya masa muna kan hanya.

Rana ta tara ina zaune ina kallon mai fenti yana buga wa buhunan wani manomi shaidar wani alhaji, sai dabara ta zo mini. Ƙanena Umaru ya daɗe a Kurmi, mutanen garinmu ba su san 'ya'yansa ba, amma sun san gidanmu. Yana da ɗa, Sani, wanda ya rasu yana ɗan shekara biyar. Na ajiye basilla na je na samu Ɗantani na gaya masa yadda za a yi. Daga yau sunansa Sani Umaru, ɗan ƙanena ne. Zan naɗe masa fuska da rawani kamar mai ciwon haƙori don a rufe tsagen, kuma kada ya ce uffan, ni zan yi magana. Na zaci zai yi dariya, don shi komai abin dariya yake mai da shi. Bai yi ba, ƙafarsa ya kalla.

"Baba," ya ce, "to in na mutu, wa za a ce ya mutu?"

Na ce ya rufe mini baki, ba a irin wannan magana. Aron shaida ne kawai, in kaya sun isa kowa ya ɗauki nasa.

Abin da ya faru a tebur na uku, na garinmu, shi ne har yau na kasa haɗiyewa. Ina faɗin sunan gidanmu ma'aikacin wurin ya miƙe. Aka kaɗe benci, aka kawo ruwa a kofi. Aka ce sannu Sani, Allah ya sawwaƙe, garin yaya haka. Aka yi mini faɗa don me na bar yaro ya kai wannan hali. Ƙafar nan ita ce dai, warin nan shi ne, har ya ninka na ranar farko, jajayen idanun nan ga su a saman rawani. Babu wanda ya toshe hanci. Babu wanda ya tuna da mai unguwa. Ruwan ma Ɗantani bai iya sha ba, don in zai sha sai ya sauke rawanin. Yana riƙe da kofin, leɓɓansa a bushe, aka buga hatimi aka miƙo mini takarda. Na fito ina murna, ina ganin na yi wayo. Sai daga baya ƙyamar abin ta same ni. Ashe takardar tana nan a aljihun tebur tun ranar farko, a kowane gari, ba ta taɓa ƙarewa ba. Ba ciwo suke dubawa ba.

A asibiti dole aka kwance rawanin. Zazzaɓi kuma ya rufe shi, ya fara sambatu da Dakarci yana kiran uwarsa. Nan take fuskoki suka canja. Ba su karɓe takardar ba, don hatimi ya riga ya hau, amma aka fitar da shi daga ɗaki aka mai da shi ƙarshen baranda, wai wari yana damun marasa lafiya. Da haƙoransa suka fara sarƙewa, bayansa yana sandarewa yana lanƙwashewa, wata ma'aikaciya ta ce mini ba komai ba ne, ƙwaya ce jikinsa ke nema, haka suke yi in sun rasa. Ta ce ni kuma, dattijo da ni, in ji kunyar ƙarya. Na ji kunyar kuwa, shi ya sa na kasa ɗaga murya. Na zo da sunan aro, ba ni da bakin faɗa. Sai a rana ta biyu wani matashin likita ya biyo ta barandar, ya tsaya, ya duba, ya hau faɗa yana tambayar tun yaushe. Ya ce ciwon daga raunin ne, kuma da an yi allurar nan a kwanakin farko da wuya ya kai haka. Ya yi iya ƙoƙarinsa, shi da wata tsohuwa mai shara da take ɗiga masa ruwa da cokali ta gefen baki. Su biyun nan ina sa su a addu'a har gobe. Ɗantani ya cika a rana ta huɗu, bayan La'asar.

Mahauta suka kawo likkafani, 'yan lodi suka haƙa kabari. Mu mun san wanda muka binne. Amma a babban littafin asibiti, wanda ya rasu ranar nan Sani Umaru ne, yaron da ya riga ya daɗe a ƙasa. Na sa ɗan ƙanena ya mutu sau biyu, Ɗantani kuwa a takarda bai taɓa zuwa ba. Na so in aika gida. Na tambayi abokan kwanansa, Dakarkarin cikinsu daga wasu garuruwa suke, ƙasar kuma faɗi gare ta. Kowa ya ce can wajen duwatsu ne. Kakar albasa ta ƙare, samarin suka watse, ni ma na koma Maiyama noma.

Ina can uwarsa ta zo. Labarin a bakin wata mai tuwo ta tasha na ji shi, sabuwar zuwa ce lokacin, ba ta san abin da ya faru ba. Ta ce wata mata ta sauka daga mota da ƙulli a ka, Hausarta kaɗan, hannunta na hagu da tabon wuta. Wani ne ya kai mata jita-jitar cewa ɗanta ya ji ciwo a kasuwar albasa. Ta yi ta zagaya tana tambayar Ɗantani. Tasha kuwa ba ta san Ɗantani ba, Badakkare ta sani, su kuma suna da yawa. 'Yan kamasho suka ce in ciwo ne ta je asibiti, suka nuna mata hanya don su rabu da ita. A can aka buɗe littafi aka duba, babu mai wannan suna, ba a masu rai ba, ba a matattu ba. Aka ce ta kwantar da hankalinta, irinsu ba sa zama wuri ɗaya, ya bi tirela zuwa Kurmi. Mai tuwon ta ce matar ta dawo tana murmushi, ta sayi tuwo ta ci, ta kwance ƙullinta ta fito da wata sabuwar riga mai ruwan ƙasa, ta ce a ajiye masa in ya dawo. Ta hau motar yamma. Ba wanda ya tambaye ta daga wane gari take.

Na karɓi rigar, na koma asibitin in gyara abin da na ɓata. Na ce wa mai littafin sunan da ke ciki ba shi ba ne, ni na yi ƙarya, a rubuta na gaskiya ko uwar za ta sake dawowa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, mamacin ne ya aiko ka?"

Abokan aikinsa suka yi dariya. Ya ce in kawo takardar rantsuwa daga kotu, da ɗan'uwan mamacin na jini, da shaidar haihuwarsa. Sannan ya juyo mini da littafin ya ce to in fara nuna masa layin. Na kalli shafin, baƙaƙe kamar tururuwa, ban san inda Sani yake ba balle inda Ɗantani ya kamata ya kasance. Na yi godiya na fito. Wannan ita ce godiyar banza ta ƙarshe da na yi. Damina na wucewa na je na zauna a aji, ni da wasu dattawa, malaminmu sa'an ɗana na fari. Hannun da ya saba da basilla bai so biro ba, na daɗe ina huda takarda. Ranar da malam ya ce kowa ya rubuta sunansa, ba nawa na rubuta ba.

Nakan tambayi kaina abin da Ɗantani zai ce da ya ga yau. Tasha ta fi da cika da irinsa. Da can talauci ko rikicin gona ke koro su ɗaya-ɗaya, yanzu 'yan bindiga ke tashin ƙauyuka, yaro ya sauka daga mota bai san inda iyayensa suka nufa ba. Ofisoshin an yi musu fenti, an sa kujerun roba da na'ura. A bangon ɗaya an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kowa nasu ne, ba sa nuna bambanci. Lokacin da ban iya karatu ba rubutun bango bai taɓa damuna ba. Yanzu nakan tsaya in karanta shi harafi-harafi, ga yaro mai tsage zaune a ƙasa a ƙarƙashinsa. Ma'aikacin yau ba ya ma buƙatar ɓata rai. Lambar katin ɗan ƙasa zai tambaya, yaron ba shi da ita, sai ya juyo da fuskar na'urar ya ce ka gani, ba ni na ƙi ba. Na tabbata Ɗantani dariya zai yi, ya ce Baba an ci gaba, yanzu ba sai sun ɓarnatar da turarensu ba.

Kuma kada mu 'yan kasuwa mu wanke kanmu. Su ke ɗaukar albasarmu a wuyansu, mu ke fara nuna su in abu ya ɓace. Mutumin da ke bayan tebur ɗanmu ne, a gidajenmu ya tashi yana jin ana cewa irinsu. Na san akwai masu shaye-shaye a cikin yaran nan, kamar yadda suke a cikin 'ya'yan masu gari, waɗanda ake kaiwa asibiti a mota a rufa musu asiri. Ban taɓa jin an ce wa ɗan gida ya koma inda aka haife shi da karyayyar ƙafa ba.

Bara ƙarfe ya yanke wani ɗan lodi a tafin ƙafa, Bakambare, sunansa Bala. Wani abokina ya ce in ara masa suna kamar wancan karo a wuce wurin. Na ce na daina. Na kai shi da sunansa, fuskarsa a buɗe. Da aka fara mana zancen kati, sai na zaunar da shi a benci ba tare da an ce ba, na zauna kusa da shi, na fito da littafina da biro. Na tambayi ma'aikacin sunansa, na rubuta. Na tambayi dalilin da ya sa aka ƙi, na rubuta, a hankali, don ni ba na sauri. Ya tambaye ni ko ɗan jarida ne ni, na ce mai ɗinkin buhu ne. Yana ta kallon biron. Kafin in cika shafi aka gano ashe akwai hanyar da ake bi wa wanda ba shi da kati. Bala yana nan yana lodi da ƙafarsa biyu. Amma ban dawo gida da farin ciki ba ranar. Tir na yi, don ba tausayin yaron suka ji ba, tsoron biro suka ji.

Littafin nan yanzu kullum yana aljihuna tare da basilla. Duk sabon yaron da ya sauka a tasha ina samunsa in tambaye shi sunansa na yanka, da na ubansa, da na uwarsa, da ƙauyensu, da kasuwar da ke kusa da su, in sa ya maimaita har in rubuta daidai. Wasu suna tsoro, suna zaton hukuma ta turo ni. Wasu suna dariya. Sun sa mini suna Baba Mai Littafi. Kowane Badakkare kuma sai na tambaye shi ko ya san mai ginin tukwane mai tabon wuta a hannu. Har yau ban dace ba. Ɗantani bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, ko hotonsa babu. In akwai abin da ya rage nasa a duniya, to littafin nan ne da tambayar da ya yi mini bayan rumfar mahauta. Shafin farko nasa ne. Suna kaɗai ke ciki, sauran layukan babu komai.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan jarida ta kai hannunsa a ƙasar Zuru, malamin makaranta ne ko direba ko mai sayar da magani, ya tambaya ranar kasuwar garinsu. Ɗantani gajere ne, yana da wushirya, babban yatsansa na dama lauje ya taɓa cire masa farce. Ya bar gida bayan rasuwar ubansa, shekara goma ke nan. Uwarsa tana ginin tukwane, akwai dutse a bayan ƙauyensu. In kun same ta, na san ba ta karatu, kamar yadda nake a da. Ku zaunar da ita, ku ba ta ruwa, ku karanta mata yadda na rubuta. Kada ku sassauta don tausayi, an riga an yi mata ƙarya mai daɗi sau ɗaya.

Uwar Ɗantani, ɗanki bai tafi Kurmi ba. Ya rasu shekara bakwai da suka wuce, yana kiranki da harshenku. An yi masa wanka da salla, waɗanda suka yi aiki da shi suka binne shi. Ni na canja masa suna, shi ya sa ba ki same shi ba, kuma shi bai so ba. Rigarsa tana wurina a naɗe, ba wanda ya sa ta. In kin zo tashar Jega ki tambayi Baba Mai Littafi, zan kai ki kabarin, na sa masa dutse. Ya tambaye ni wa za a ce ya mutu, ban ba shi amsa ba. Ɗantani ne ya mutu.